Battar Umara da Jan Gashin Bakina

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, Shi ne mai juya zukata yadda ya so, ina roƙonsa ya juyo mini da guda ɗaya daga garin Kunci.

Daga Kallamu, manomin bakin kogin Watari, zuwa ga Hamsatu matata, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, farar furata da aka dama da kindirmon safe. Ya ke mai wuyan barewa, mai tafiyar da ba ta tayar da ƙura, mai dariyar da ke sa kajin gidanmu su daina tono su ɗaga kai! Gaisuwa gare ki gwargwadon ƙwayar geron da ke cikin rumbunan ƙasar Kano, har da wanda ɓera ya sace. Yau kwana arba'in da bakwai da kika ɗaure ƙullinki kika yi yaji. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, domin ba ni da wani aiki da yamma sai ƙirga.

Na san ba idonki ne zai bi waɗannan layuka ba. Kawu Ja'afaru ne mai karanta takarda a gidanku, shi zai zauna a zaure ya karanta miki. Kawu, ina gaisuwa, a durƙushe nake. Inda ka ga maganar ta yi wa bakinka nauyi, kamar wancan zancen wuyan barewa, ka yi tari ka tsallake, ba zan ji haushi ba. Amma akwai wuri guda da zan roƙe ka kada ka tsallake, zan nuna maka shi idan mun kai.

Hamsatu, kin tuna ruwan farko na shekarar da aka kawo ki? Muna dawowa daga gonar wake hadari ya kama mu, muka fake a gindin marken nan na bakin hanya da faifai ɗaya a kanmu, faifan da ko kanki kaɗai bai rufe ba. Kika ce in yi shiru in shaƙi ƙamshin ƙasa. Na shaƙa, amma ni abin da na ji ƙamshin man shanun kitsonki ne, na ce miki lallai ƙasar bana ta yi daɗi. Kika gane, kika rufe fuska da gefen zane. A lokacin ina da hanci, Hamsatu. Hanci na Allah da Annabi, mai jin ƙamshin tuwonki tun daga bakin rafi. Ina na kai shi? Na toshe shi da tabar gari shekara uku, har ta kai kina turara ɗaki ina tambayarki ko wani abu ne ke ƙonewa.

Sau uku na rantse miki na bari. Na farko na yi kwana biyu. Na biyu na yi wuni guda. Na uku kuwa ina rantsuwar batta na cikin hulata. Kika kama ta a hula, na mai da ita ƙarƙashin akurkin kaji. Kika kama ta a nan, na mai da ita bakin rumbu. Da na ga kin fi ni sanin gidan, sai wayo ya zo mini, wayon da na yi ta yaba wa kaina: na juye garin a wurin da na tabbata ba za ki nemi taba ba, wato ƙoƙon dakakkiyar daddawarki. Launinsu ɗaya, na ce, wa zai gane? Ban tsaya na tambayi kaina abin da ake yi da daddawa ba.

Sauran kin san shi, amma bari in faɗa, domin ban taɓa faɗarsa da bakina ba. Ranar ce Kawu da gwaggonninki biyu suka tako tun daga Kunci don su ga ɗakinki. Kika tashi tun asuba, kika yanka zakaran da kike ji da shi, kika kaɗa miyar kuka, kika zuba mata daddawa da hannu sake saboda baƙi. Ba a kai rabin akushi ba babbar gwaggo ta ce gidan yana juyawa. Ƙaramar ta rarrafa bayan danga, muna jin abin da take yi har zaure. Kawu kuwa, da yake shi ma ma'abocin abin ne tun kafin a haife ni, malmala uku ya tashi da ita, yana gumi yana cewa, "Kai, wannan miya da ratsa jiki take. Hamsatu, me kika sa mata?" Kawu, yau ka ji amsar tambayarka.

Nan dariyar ta ƙare mini. Da gwaggonni suka farfaɗo, a gabana suka zaunar da ke. Suka ce kin kunyata gidanku, shekara huɗu a ɗakin miji ba ki iya kaɗa kuka ba. Kika ɗanɗana miyar, kika ɗago kika dube ni, na san kin gane. Ba ki tona ni ba. Ni kuma na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma, na bar ki da kunyar da tawa ce. Washegari kika bi su. A bakin ƙofa abin da kika ce kawai shi ne, "Malam, ka zauna da wadda ka fi so." Wallahi da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mako guda na yi ina fushi, ina shaƙa ba mai hana ni, ina ce wa kaina ai yanzu na sami sarari. Sararin ya yi yawa. A rana ta bakwai na shiga ɗakinki na tarar da zanenki na saƙi a kan igiya, na ɗauka na kai hanci don in ji ƙamshinki, ban ji komai ba. Na sake shaƙa har ƙirjina ya yi zafi, babu. Na zauna a bakin gadon nan na yi abin da ba zan rubuta ba tunda Kawu ne mai karatu. Da na tashi sai na zazzage battar a masai, na ce an gama.

Ashe ba a ma fara ba. Kwana biyu na yi kamar mai zazzaɓi. Na yi faɗa da jaki, na yi faɗa da fartanya, na yi wa Inna tsawa a kan gishiri, Allah ya yafe mini. A rana ta uku da azahar abin ya ci ƙarfina. Na tuna kin sha ƙwace mini taba, na ce lallai akwai inda kike ajiye ta. Na faɗa ɗakinki ina birkita ƙore da tasoshi kamar ɓarawo, sai ga wani ɗan ƙulli a tsumma, gari mai laushi a ciki. Kin san ɗakinki da duhu ko da rana. Ban fita haske ba, ban yi bisimilla ba, na cika yatsu na ɗura wa hancin dama, na ɗura wa na hagu. Ban ji komai ba, na ce ta kwana biyu ce ta huce, na ƙara. Na ƙara na uku. Daga nan atishawa ta ɓarke, hawaye da majina suka haɗu da garin suka zama taɓo a fuskata, na yi ta murzawa, har gajiya ta kayar da ni na yi barci a haka zuwa la'asar.

Lallenki ne, Hamsatu. Lallen da kika daka da hannunki don sallah, mai kyau, mai kamawa. Ban sani ba sai da na je masallaci na ga sahu yana motsi, kafaɗu suna rawa. Hancina ya yi ja, leɓena ya yi ja, gashin bakina kuwa ya koma kamar gemun masara. Har yau idan na wuce bakin rijiya mata sai sun tambaye ni yaushe ne ɗaurin auren, wa kuma ya yi mini ƙunshi a inda ba a yi.

Washegari na tafi wurin Mati wanzami na ce ya aske mini wannan abin kunya, ya kuma kafa mini ƙaho a ƙeya ya zuƙe jarabar nan ta fita da jini. Ya yi dariya har aska ta faɗi daga hannunsa. Da ya gama ya ce, "Ƙaho ba ya jawo wannan, Kallamu. Ni shekara goma sha biyu na yi ina cusa ta a baki, dubi abin da ya rage mini na haƙora. Zauna in tambaye ka. Ba na son jin nawa kake sha. Wace rana ka fara?" Na ce ban tuna ba. Ya ce, "Ka tuna. Kowa yana tuna tasa."

Hasken idona, ga abin da ban taɓa gaya miki ba, ko da yake muna kwana ɗaki ɗaya. Battar nan ba tawa ba ce, ta yayana Umara ce. Kin san Watari ta cinye shi a tsakiyar damina shekara uku da suka wuce, kin san ina wurin. Abin da ba ki sani ba shi ne, da jakinmu ya zame ruwa ya ja shi, Umara ya tuɓe riga ya miƙo mini battarsa, ya ce, "Riƙe mini kada ta jiƙe." Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya. Na tsaya a gaɓa da batta a hannu, busasshiya, ina kallo. Jakin ya fita da kansa can ƙasa da mashaya. Umara sai bayan kwana biyu aka same shi.

Ranar sadakar uku na buɗe ta, ba don in sha ba, don warinta warin rigarsa ne. Na kai hanci, garin ya hau mini kai, jiri ya ɗebe ni, sai na ji ƙarar ruwan nan da ke cikin kunnena ta yi shiru. Shirun bai fi na ɗan lokaci ba, amma tun da abin ya faru ban sami kamarsa ba. Daga nan duk lokacin da dutsen nan ya sauko mini a ƙirji, sai in zaga bayan rumbu. Kin ga na daina bin hanyar rafi ina zagaye mai nisa, kin ga gonar fadama ta zama ciyawa, kin ga ina zaune cikin mutane kamar an aiko ni in yi gadin ƙasa. Kin tambaye ni ya fi a ƙirga, kullum in ce miki ciwon kai ne. Kika zaci taba na fi so a kanki. Ina! Wa zai fifita garin da ke sa atishawa a kan zumar farar saƙa? Tsoro nake ji, Hamsatu. Ina tsoron ranar da zan ajiye battar nan, ya zama na saki abin da ya ce in riƙe masa.

Duk wannan na zazzage wa Mati, a zaune a kan turmin askinsa da jan hanci, ina kuka mutane na wucewa suna zaton ƙaho ne ya yi mini zafi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "To ba hancinka ne ke ciwo ba. Wa kuke zancen Umara da shi a gida?" Na ce babu. Kin san Umara ɗan fari ne. Inna Falta ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye, saboda kunya, sai dai ta ce "wancan" ko "babban". Da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. Mu kuma muka ga tunda uwa ta yi shiru, wa zai buɗe baki? Ni kuwa na fassara shirunta da cewa tana ganin laifina, ni da na tsaya a gaɓa. Mati ya ce, "Kai mata battar. Ba taka ba ce, ajiya aka ba ka."

Sai da na yi kwana biyar ina zagaye rumfarta. Ranar da na yi ƙarfin hali tana zaune da hantsi tana kaɗi. Na durƙusa na ajiye battar a gabanta, na faɗi abin da ya ce mini a bakin ruwa. Ta ajiye mazari. Ta ɗauka ta juya ta, ta buɗe, ta kai hanci, sai ta yi wata atishawa da ta watsa audugar da ke cinyarta. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ta goge ido, ta ce, "Umara." Hamsatu, shekara talatin da wani abu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake cewa, "Umara. Shi da tun yana rarrafe ba ya jin kira. Da ka bi shi da biyu zan rasa. Kai duk shekarun nan abin da kake ɗauke da shi ke nan, ka bar ni ina zaton ni kake gudu?" Muka zauna har rana ta take tana ba ni labarin ɓarnarsa, yadda ya taɓa sa wa liman kunama matacciya a takalmi. Battar yanzu tana wurinta, ta wanke ta da toka, allin kaɗinta take zubawa a ciki.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na gaji da ita. Na faɗi sau ɗaya. A kwana na goma sha ɗaya da barin tabar na kai wake kasuwar Ɗambatta, wani bafatake ya buɗe battarsa a gabana ya miƙo, kafin in ce a'a yatsuna sun riga bakina. Na dawo ina jin kamar in shige rami. Na je na faɗa wa Mati ina jiran zagi, sai ya ce shi sau huɗu ya faɗi kafin ya tsaya, ya miƙo mini asuwaki ya ce in tauna duk lokacin da abin ya motsa, in kuma nemi mutum in yi magana da shi, ko da kurma ne. Zuwa yau na cinye asuwakin da zai yi dangar ƙaramin gida. Kowace Alhamis nakan je in zauna wurinsa ko ba aski. Na koma bin hanyar rafi. Ranar farko na zauna a gaɓa na yi wa Umara addu'a, rana ta biyu na tsallaka. Na nome fadama. Shekaranjiya kuma na sake ɗaukar zanenki na saƙi, na kai hanci. Man shanu da ɗan hayaƙin girki da ke kanki! Kawu, yi tari a nan.

Ba zan ce miki sha'awar ta mutu ba. Tana nan, takan leƙo bayan cin abinci da kuma in hadari ya haɗu ta gabas. Ba zan sake yi miki rantsuwa ba, kin ji uku sun ishe ki. Alkawarin da zan iya ɗauka shi ne wannan: ranar da ƙirjina ya yi nauyi, ba zan zaga bayan rumbu ba, zan zo in zauna kusa da murhunki in ce miki yau da nauyi. In kuma na sake faɗuwa, daga bakina za ki fara ji, ba daga miya ba.

To Kawu, ga wurin da na ce. Ka tashi daga zaure, don girman Allah, ka shiga tsakar gida, ka sa a kira gwaggonni biyu da duk wanda ya ji labarin miyar nan, ka ɗaga murya kamar kana kiran salla ka ce: Hamsatu ba ta ɓata miya ba. Kallamu ne ya zuba taba a ƙoƙon daddawa, ya ga ana yi mata faɗa ya yi shiru saboda rashin zuciya. Duk Watari babu mai hannun miya kamarta. Ka maimaita sau biyu, babbar gwaggo kunnenta ya yi nauyi. Ko da Hamsatu ba za ta dawo ba, wannan haƙƙinta ne, a mayar mata.

Ke kuma, tauraruwata, kurciyar da ta bar sheƙa ta bar ni da kaji, ga roƙona. Ranar Juma'a mai zuwa zan taho biko da kaina, da goro da sabon ƙoƙon daddawa wanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ba zan shigo ba sai an ce in shigo, zan tsaya a gindin tsamiyar ƙofar gidanku. Ba za ki sha wahalar gane ni ba. Jan hancin ya goge, amma na hana Mati taɓa gashin bakin, duk da ya roƙe ni don mutuncin unguwa. Na bar shi ne domin shi kaɗai ne shaidar da nake da ita wadda ba ta iya rantsuwar ƙarya. Bakinsa ja ne har yanzu, gindinsa kuwa baƙi ya tsiro, sabon gashi wanda bai san taba ba sai sau ɗaya a Ɗambatta. Ki fito ki duba da idonki, ki auna da farcenki. In kin ga baƙin ya isa, ki ɗauko ƙullinki mu kama hanya tun da sauran rana. In kin ga bai isa ba, ba zan yi musu ba. Zan koma, in bar shi ya ƙara tsawo, in dawo wata Juma'ar, da wadda ke bayanta, har sai mutanen Kunci sun gaji da dariya sun taya ni roƙo.

Ni ne naki, a Watari ko a gindin tsamiya, da jan gashin baki ko da furfura, har ranar da za a ɗauke ni a makara. Allah ya sa takardar nan ta same ki kina cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sa Kawu bai tsallake da yawa ba.

Mijinki,
Kallamu